Mata-maza a makaranta: tsakanin iyaye, malamai da likita, wa ke da ta cewa?

Idan kana bin labaran ƙetare a rediyo ko a Facebook, da wuya a ce ba ka ci karo da rigimar da ake yi a makarantun Amurka da Kanada da Ingila a kan ɗalibai masu son sauya jinsi ba. Tushen rigimar tambaya ɗaya ce. Yaro ya zo ya ce wa malaminsa a daina kiransa da sunan maza, a riƙa ɗaukarsa mace, kuma kada a gaya wa gida. Malamin ya rufa masa asiri ne, ko ya kira iyaye? A watan Oktoban 2023 lardin Saskatchewan na Kanada ya yi doka cewa ɗalibin da bai kai shekara 16 ba, ba za a canza masa suna a makaranta ba sai da yardar iyayensa. A Yulin 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi ɗaya hanyar, ta hana hukumomin makarantu tilasta wa malamai kai irin wannan labari gida in ɗalibin bai yarda ba. Masu goyon bayan iyaye suna cewa su suka haifa, su ke ciyarwa, su za su kwana a asibiti in abu ya lalace, don haka ba a ɓoye musu. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa akwai gidan da in labarin ya isa, dukan tsiya ne ko kora, kuma malami ba ya sanin wane gida ne sai bayan ya yi magana.

Mutumin Dambatta ko Bichi ko Kunchi zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don wannan muhawara da siffarta ta can ba ita ce a gabanmu ba. Amma akwai wani yaro a makarantunmu da tambayar nan ta wa ke da ikon sani, wa ke da ikon yanke hukunci, take faɗo wa a ka kai tsaye. Shi ne wanda Bahaushe ke kira mata-maza, malaman fiƙihu kuma suke ce wa hunsa.

Kafin a yi nisa, a raba abubuwa uku da mutane ke zubawa a kwando ɗaya. Wanda ake rigima a kansa a Amurka, jikinsa a mafi yawan lokaci babu wani ruɗani a cikinsa, abin da yake ji a ransa ne ya saɓa da jikin. Ɗan daudu kuwa namiji ne da ya ɗauki magana da sana'a da zama irin na mata, lamari ne na zamantakewa da Kano ta daɗe da sani. Shi mata-maza a jiki abin yake, tun yana ciki halittar al'aurarsa ko ta kayan cikinsa ta bi wata hanya daban. Bai zaɓa ba, iyayensa ba su yi wani laifi ba, ba kuma aikin iska ko sammu ba ne. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci a jihar da dokarta ta hana namiji yin shigar mata, domin yarinyar da muryarta ta yi kauri saboda halitta tana iya shan tsangwamar da ba tata ba.

Yadda abin ke farawa tun a ciki

Har zuwa mako na shida bayan shigar ciki, ɗan tayi namiji da mace kamanninsu ɗaya. Kowanne yana da wasu 'yan ƙullutai biyu da za su iya zama 'ya'yan maraina ko su zama gidan ƙwai, da bututu iri biyu, ɗaya mai zama mahaifa, ɗaya mai zama hanyar maniyyi. Abin da ke raba hanya yana cikin kuromosom, wato zaren gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Yawancin mata XX gare su, yawancin maza XY. A jikin Y akwai wata ƙwayar gado mai suna SRY, wadda masu bincike a Landan suka gano a 1990. Ita ce ke ba ƙullutan nan umarni su zama 'ya'yan maraina.

Daga nan sai aiki ya koma hannun sinadaran da ake kira homon. 'Ya'yan marainan suna fitar da wani da ke narkar da bututun mahaifa, suna kuma fitar da testosteron mai gina hanyar maniyyi. Amma testosteron shi kaɗai bai isa ya ƙera al'aurar waje ba. Sai wani sinadari a fatar wurin ya juya shi zuwa wani nau'i mafi ƙarfi da ake kira DHT, shi ne ke sa gaba ya yi tsawo, fatar ƙasa ta haɗe ta zama jakar maraina. Duk wannan tsakanin mako na 8 da na 12 yake faruwa, lokacin da wata uwar ko tabbatar da cikin ba ta gama yi ba. In babu waɗannan homon, ko akwai su amma jiki bai amsa musu ba, sai wurin ya bi siffar mace.

Ka ga kenan matakai ne a jere, kuromosom, sai ƙullutai, sai homon, sai amsawar jiki. A kowane mataki abu na iya karkacewa. Ƙiyasin da likitoci suka fi amfani da shi shi ne, cikin haihuwa 4,500 zuwa 5,000 ana samun jariri ɗaya da ba a iya cewa namiji ne ko mace da kallo kawai. Wato kamar yara 20 a duk haihuwa 100,000. Makaranta ɗaya tana iya shekaru ba ta gamu da ko ɗaya ba, shi ya sa ranar da abin ya zo ba wanda ya shirya masa. Amma a jiha mai yawan haihuwa irin Kano, ba shekarar da ba a haifi irin waɗannan yara ba.

Nau'in da ya fi kowanne gaggawa shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CAH. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirenal, mai samar da kotisol, da wani homon mai riƙe gishiri a jiki. Idan yaro ya gaji matsalar sinadarin da ke haɗa su, kayan haɗin sai su taru su malala zuwa hanyar yin homon na maza. Jaririyar da take XX, mai mahaifa da gidan ƙwai lafiya lau, sai a haife ta da ɗan-tsaka mai girma kamar gaban namiji, fatar wurin kuma a haɗe. Ungozoma ta duba ta ce namiji ne, a yi guɗa, a sayi rago. Alamar da za ta tona ita ce in an taɓa jakar babu komai a ciki.

Ana samun irin wannan a kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000 a duniya, kuma kamar uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani suna zubar da gishirin jikinsu ta fitsari. Lura da lokacin da kyau: rikicin yakan tashi a mako na biyu zuwa na uku, wato daidai bayan an watse daga taron suna. Jariri ya ƙi kama nono, ya yi ta amai, ya yi laushi, maɗiga ta faɗa. In ba a kai shi inda za a auna gishirin jininsa a sa masa ruwa da magani ba, yana iya rasuwa cikin kwanaki, a ce ai zazzaɓi ne ko mayankwaniya. Jariri namiji mai wannan ciwo ya ma fi shiga haɗari, don shi al'aurarsa ba ta nuna komai. Ƙasashe da dama suna ɗiban ɗigon jini a dunduniyar kowane jariri don gano shi da wuri, abin da bai zama ruwan dare a asibitocinmu ba. Maganin kuwa ƙwayoyi ne da ake sha kullum har iyakar rayuwa, kuma macen da ta samu kulawa tana iya aure ta haihu.

Wadda ta tsallake jarirantaka aka ci gaba da rainonta a matsayin namiji, a firamare za ka gan ta ta fi kowa tsawo a aji, gashin balaga ya fito tun tana shekara biyar ko shida, sannan ƙashi ya rufe da wuri ta tsaya gajeruwa. Wani lokaci sai an kai sakandaren maza ne jini zai fara zuwa wata-wata ta hanyar fitsari. A ƙauyen da ke kusa da dam ko fadama kowa zai ce tsargiya ce, a ba da maganin tsargiya, wata ya zagayo jini ya dawo.

Akwai kuma kishiyar wannan. Yaro XY ne, 'ya'yan marainansa suna aiki, amma sinadarin nan mai juya testosteron zuwa DHT ne babu. Sai a haife shi da siffar mace a waje, a raɗa masa sunan mata, a huda kunne. Ranar da balaga ta zo, testosteron ya yi yawan da zai yi aiki da kansa: murya ta yi kauri, kafaɗa ta buɗe, gaba ya girma, nono bai fito ba, al'ada ba ta zo ba. Wata likita mai suna Julianne Imperato-McGinley ce ta bayyana wannan a 1974, bayan bincike a wasu ƙauyukan Jamhuriyar Dominika inda auren dangi ya sa abin ya yawaita. A rahotonta na 1979, cikin mutum 18 da aka raina a matsayin mata, 17 sun koma ɗaukar kansu maza bayan balaga. A kwatanta da masu CAH da aka raina a matsayin mata, waɗanda kusan kashi 95 cikin 100 nasu suke ci gaba da zama mata hankali kwance. Ga ido, jariran biyu suna iya kama da juna. Gwaji ne kaɗai ke raba su, kuma makomarsu ta sha bamban.

Na uku shi ne inda jiki ba ya jin kiran homon na maza kwata-kwata. Ita wannan XY ce, amma mace ce a siffa da murya da ɗabi'a, nono ya fito daidai, sai dai babu mahaifa, don haka ba al'ada ba haihuwa. Sau da yawa ana gano ta ne in an je aikin ƙaba a matse-matsi tana ƙarama, ko in shekaru sun ja ba ta ga wata ba. Kusan dukkansu mata suke ɗaukar kansu, kuma babu dalilin taɓa zamansu a makarantar mata.

Nau'i biyun farko gado ne irin na sikila, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na fitowa da shi. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Wannan ba hujjar zagin auren zumunci ba ce. Amfanin saninsa shi ne, gidan da aka taɓa rasa jariri a makonnin farko ba tare da an san dalili ba, sannan aka haifi wani da al'aura mai ruɗani, kada a jira suna, a tafi asibiti a ranar.

A nan asirin juyawa yake yi

A can Amurka makaranta ce ta sani, iyaye ba su sani ba. A wajenmu yawanci iyaye ne suka sani, ko a ce uwa da kaka da ungozoma, makaranta ba ta sani ba, shi kansa yaron ma ba a gaya masa ba. Wani lokaci har uban ba a sanar da shi.

Ba kuma za ka ga laifin uwar ba in ka san yankin. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta yi arewa, Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Makoɗa har Dambatta, tana cikin karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinta tun shekarun 1960 saboda wannan cunkoso. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, dangi sun sarƙe ta ko'ina. Maganar da ta fita daga ɗaki da safe, kafin la'asar ta kai ƙauye uku. Uwa ta san in aka ji, ba 'yar nan kaɗai za ta rasa miji ba, har yayyenta da ƙannenta za a fara yi wa kallon gida mai abin faɗa. Sai ta ja zane ta rufe, ta yi wa yarinyar wanka ita kaɗai, ta bar wa Allah.

A firamare rufin yana riƙewa, don maza da mata aji ɗaya suke, kowa gida yake kwana. Sakandare ce ke yaye shi. Yawancin sakandaren gwamnati a Kano a rabe suke, ta maza daban ta mata daban, kuma da yawa daga cikin waɗanda iyaye ke rububi na kwana ne, irin kwalejin kimiyya ta maza da ke Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977. Ɗakin kwana ɗaya, banɗaki ɗaya, layin wanka ɗaya, kuma a daidai shekarun da jiki ke bayyana abin da ya ɓoye.

A ce yarinya ce 'yar shekara 14 a aji uku na ƙaramar sakandare. Ta daina wanka sai kowa ya kwanta. Ta daina ɗaga hannu a aji don muryarta ta canza. Ƙawaye sun fara raɗa, wata ta kai wa matar da ke kula da ɗakin kwana. Daga wannan lokaci zuwa awa ashirin da huɗu, abin da manya biyu ko uku suka yi shi zai yanke ko yarinyar za ta gama makaranta ko a'a.

Abu mafi muni, kuma mafi saurin zuwa zuciya, shi ne a kira ta ofis a tuɓe ta a gaban malamai don a tabbatar. Malami ba likita ba ne, kuma ka riga ka ga cewa kallo ba ya raba nau'i da nau'i. Na biyu a muni shi ne a haɗa mata kayanta a sa ta a mota da takardar kora, don iyayen sauran ɗalibai kada su ji su tayar da hankali. Damuwar waɗancan iyaye ba wasa ba ce, sun ba da amanar 'ya'yansu mata ne, kuma shugabar makaranta dole ta yi lissafi da su. Amma ana iya kare kunyar kowa ba tare da kora ba: a ba ta wurin wanka da lokacinta, a sauya mata makwanci zuwa kusa da mai kula da su, ko ta koma jeka-ka-dawo na ɗan lokaci, a ce wa ɗalibai ba ta da lafiya ne, wanda kuma gaskiya ne.

Sai maganar sanar da gida. A ganina a nan babu ja, dole iyaye su sani, domin wannan lamari ne na asibiti, kuma yarinya 'yar 14 ba za ta kai kanta Kano ta biya kuɗin gwaji ta sa hannu a takardar aiki ba. Abin da ya kamata a koya daga rigimar ƙetare shi ne yadda ake sanarwar. A fara zama da yarinyar, a ce mata za a yi magana da gida, a tambaye ta wa take so a fara kira. Sau da yawa za ta ce Inna, ko Yaya, ko wata gwaggo. A kira mutum ɗaya ko biyu, ba ta bakin ɗan aike ba, ba a taron iyaye da malamai ba, ba kuma a zauren kwamitin makaranta inda mai unguwa da liman da rabin gari ke zaune ba. In shugaba ta ce, "Hajiya, mun ga alamar da ke buƙatar likita a jikin 'yarki, ba laifi ta yi ba, kuma maganar daga ni sai ke," ta buɗe ƙofa. In ta ce, "Ku zo ku ɗauki ɗanku, kun kawo mana namiji cikin mata," ta rufe ta har abada.

Doka ma ta wannan gefen take. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003, wadda Kano ta yi tata irinta a 2023, ta sa maslahar yaro a gaba da komai a duk hukuncin da ya shafe shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta tabbatar wa iyaye haƙƙin shiryar da ɗansu, ta kuma ce a saurari ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ba a yaɗawa sakaka. Malamin da ya ɗauki labarin ɗaliba ya kai majalisar shayi, ko ya sa a WhatsApp, ya ci amana, ya kuma taka doka.

Malamanmu sun riga mu zuwa

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano sun fi fom ɗin makaranta sanin wannan yaro. Fom gida biyu gare shi, namiji ko mace. Shi kuwa Muhtasar na Shehu Halil, wanda duk almajirin fiƙihun Malikiyya ke burin saukewa, da mas'alar hunsa ya rufe. Malamai sun ce a duba ta inda fitsari ke fita, in an girma a duba gemu, nono, haila ko maniyyi. In alamu sun rinjaya gefe ɗaya, hukuncin wannan gefen ya hau kansa. In sun ƙi rabuwa, shi ne hunsa mushkili, aka tsara masa inda zai tsaya a sahu da yadda zai ci gado. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa cewa ya halatta a yi wa irin wannan mutum magani ko tiyata don a kawar da ruɗanin, ta kuma bambanta shi da mai cikakkiyar halitta da ke son sauyawa. Don haka uban da ke tsoron ko zuwa asibiti saɓo ne, ya kwantar da hankalinsa. Abin da kimiyya ta ƙara a kan alamun malamai shi ne ta leƙa ciki: gwajin kuromosom, awon homon a jini, da hoton ciki da ke nuna ko akwai mahaifa.

Maganar gado kuwa ba ta takarda kaɗai ba ce a inda gona ta yi ƙaranci. A ƙa'idar Malikiyya mushkili yana karɓar rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da hunsa ɗaya: in namiji ne rabin gona nasa, in mace ce kashi ɗaya cikin uku, in mushkili ne kashi 5 cikin 12. Ka ga kenan a cikin dangi akwai wanda amsar likita za ta ƙara masa ko ta rage masa kadada. Haɗa da yadda ake fifita ɗa namiji, sai ka gane dalilin da ya sa haƙƙin iyaye, duk da girmansa, bai kamata ya zama shi kaɗai ke magana ba. Uban da ya yanka rago ya shelanta wa gari ya samu magaji, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa bayan shekara goma ɗan nan mahaifa gare shi.

Wuƙa ba ta da gyara

Gaggawa iri biyu ce, a kuma raba su. Zubar gishiri, toshewar fitsari, da ƙullutun da ya maƙale a ciki wanda a wasu nau'o'in yake iya rikiɗewa ya zama ciwon daji, waɗannan ba sa jira. Amma yanka don wuri ya yi kama da na kowa, wannan a kansa likitocin duniya suka ja da baya. A da ana koyar da cewa in aka yi aiki da wuri aka rufe bakin kowa, yaro zai tashi a duk jinsin da aka ɗora shi. Labarin David Reimer na Kanada ya girgiza wannan koyarwa. An haife shi namiji lafiyayye a 1965, kaciya ta lalata masa gaba yana jariri, aka shawarci iyayensa su raine shi a matsayin mace kada su faɗa masa. Bai taɓa samun natsuwa ba, da aka gaya masa gaskiya yana shekara 14 ya koma namiji, ya kuma kashe kansa a 2004. Taron masana da aka yi a Chicago a 2005 ya sa faɗa wa iyaye da yaro gaskiya, da haɗa likitoci daban-daban kafin yanke hukunci, suka zama ƙa'ida. Malta a 2015 da Jamus a 2021 sun taƙaita tiyatar da ba ta gaggawa ba har sai yaro ya iya sa baki. Kenya kuma ta ƙirga irin waɗannan mutane a ƙidayarta ta 2019, ta samu 1,524, sannan dokar yaranta ta 2022 ta ambace su da suna.

Zaman ƙauyenmu ba zai bar yaro ya tashi ba suna ba jinsi ba, kuma babu likitan da ke neman haka. Ana zaɓar gefen da gwaji ya fi nunawa, a raɗa suna, a yi tarbiyya. Abin da ake jinkirtawa shi ne yankan da ba ya dawowa. Ga wanda ya riga ya balaga kuwa, kamar ɗalibar nan tamu, ba a yi mata komai sai an zauna da ita an ji ta bakinta, ita kaɗai, ba a gaban kawunnai ba.

A nan dole a ambaci wanzami. Yarinyar da al'adarta ta ƙi zuwa akan kai ta a yi mata yankan gishiri, wai a buɗe hanya. In babu mahaifa ba abin da zai fito sai jinin rauni, kuma aska tana iya huda mafitsara ta bar ta da yoyon fitsari. Haka yaron da kafar fitsarinsa take ƙasan gaba maimakon a kai, kada a sa shi a layin kaciya in sanyi ya shigo, domin da wannan fatar likita ke gyara hanyar. Ƙa'idar da likitoci ke bi mai sauƙin riƙewa ce: mace ta kai 13 nono bai fara ba, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba, ko namiji ya kai 14 ba alamar balaga, a je a duba. Babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya ba da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin yara, na homon, na tiyatar yara da na mafitsara a wuri ɗaya.

In gwaji da shawara suka kai ga cewa ɗalibar za ta koma namiji, aikin makaranta bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Da wuya ya iya zama a garin da kowa ya san shi da ɗankwali, don haka yawanci sai an nemi canjin makaranta zuwa wata ƙaramar hukuma, wurin ɗan'uwa amintacce, kuma takardar canjin ba sai ta faɗi dalili ba. Sannan takardu. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN, da rajistar jarrabawa duk suna ɗauke da suna da jinsi, kuma tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN. Gyaran yana buƙatar rahoton likita da takardar rantsuwa ta kotu, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in an yi shi kafin makaranta ta tura sunayen 'yan aji shida zuwa WAEC da NECO. In aka bari sakamako ya fito da tsohon suna da tsohon hoto, duk inda ya je neman gurbin karatu ko aiki sai ya sake buɗe wa baƙon ma'aikaci labarin da aka sha wahalar rufewa.